Idon Aro

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya san idona ba ya ganin nesa tun muna yara. An ba shi takarda a hannu ya kai wa mahaifinmu a kan maganar, bai kai ba. Ya bari aka cire ni daga makaranta da sunan sakarai, shi ya wuce gaba, ya kuma bari mahaifinmu ya koma ga Allah yana yi mini wannan kallon. Abin da ya yi mini ke nan. Na faɗa maka tun farko don kada ka ce ina kewaye-kewaye. Ni ba ɗan boko ba ne, a aji shida na tsaya, gyaran injin ban-ruwa nake yi a nan Haɗeja, saboda haka in ka ga rubutun ya karkace, ka san wanda za ka tuhuma.

Gidanmu yana can ƙarshen unguwa, inda katanga take ƙarewa fadama ta fara. In damina ta yi nisa kogi yakan tumbatsa ya shafe hanya, sai ka ga kwalekwale a inda jiya jaki ya bi. Kullum gidan ƙaurin bandar kifi yake yi, da warin laka, da na rigar da ba ta gama bushewa ba. Baba noman shinkafa yake yi, in ruwa ya ja baya ya shiga su. Inna ce mai banda. Sai kakanmu, mahaifin Baba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa kwalekwale tsakanin Haɗeja da ƙauyukan Guri, har yanar ido ta rufe masa idanu biyu, ya dawo zaman gindin tsamiya a bakin ruwa. Ni nake ja masa sanda zuwa can in an taso daga makaranta. Ka ga ikon Allah, makaho da ɗan jagora, ɗan jagoran ma bai fi taku goma yake gani ba.

Amma ban sani ba. Wannan shi ne abin da mutane ba sa yarda in na faɗa. Yaro ba ya kewar abin da ba a taɓa ba shi ba. Duniyata a taku goma take ƙarewa, bayan nan sai launi-launi kamar zanen da ya sha wanki. Ina gane mutane da tafiyarsu, da tarinsu, da kalar rigarsu, na kuma ɗauka kowa haka yake yi. In an fita duban watan azumi bayan magariba, mutane suna nuni da yatsa suna cewa ga shi can, ga shi can, ni ma sai in ɗaga nawa yatsan. A raina cewa nake yi al'ada ce, kowa yana faɗa ne don ya samu lada.

Littafin kuwa a wurin wata mai ƙosai na same shi. Tana yagar shafukansa tana ƙunshe wa mutane ƙosai, ta riga ta cinye farkonsa da ƙarshensa. Na yi mata ɗibar ruwa kwana uku, ta ba ni abin da ya rage. Labarin mutanen teku ne da aka juya zuwa Hausa, tsohon bugu, takardar ta yi ja tana warin man gyaɗa. Ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta shi ba, har yau. Wasu mutane ne a cikin jirgin da iska take turawa, sun ɓace a tsakiyar ruwa, ruwan shansu yana ƙarewa, 'yan fashi kuma suna bin sawunsu. Karatu dab da hanci babu wanda ya fi ni a ajinmu, sai na zama ni nake karanta wa kakanmu shi a gindin tsamiya, in mun kai inda ya yage mu koma farko.

Duk labarin a kan ido yake tafiya. Akwai mutumin da ba shi da aiki sai ya hau ƙolin dogon itacen jirgi ya zauna yana dube-dube, ran kowa yana rataye a idonsa. Shafi ba ya wucewa ba a ce wani ya hango ba, ko ya tsinkayo, ko ya ƙura ido, ko ya kare rana da tafin hannu ya duba. Shugaban jirgin yana da wani bututu mai madubi da yake ɗorawa a ido ɗaya, ya jawo nesa ta zo kusa. Ni kuwa duk wannan na zuba shi a kwando ɗaya da tatsuniyoyin da ake yi mana, inda doki yake tashi sama kifi yake magana. A ce mutum ya ga jirgi tun yana tafiyar rabin yini a gabansa? Na ce masu littafi ma akwai shara ƙarya, sai dai ƙaryar tasu da daɗi.

Kakanmu bai ɗauke ta ƙarya ba. Yakan jingina da tsamiya, fararen idanunsa a buɗe suna fuskantar ruwa, in na zo wani wuri ya buga sandarsa a ƙasa. Mai ƙwacen mata yake ce mini, ko da yake matar da muke takara a kanta ta daɗe a kabari.

"Kai, mai ƙwacen mata, koma baya. Me na saman itacen ya ce ya gani?"

"Gajimare ne ya tsaya wuri ɗaya, bai motsa ba."

"To ƙasa ce a ƙarƙashinsa. Mai littafin nan ya sha ruwa, ba a tudu ya ji labari ba."

Daga nan sai ya ɓalle da nasa. Ya ce gani na kowa ne, jaki ma yana gani. Kallo na mai zaman banza ne. Amma hange na mai ruwa ne, ka ga abu tun bai zama abu ba. Ya ce a zamaninsa daga yadda fuskar ruwa ta tattare yakan san yashi ne a ƙasa ko kada ne, daga tashin balbela yakan san akwai mutum a bayan ciyawa. Ina sauraro ina jin daɗi, kamar yadda nake jin daɗin littafin, ba tare da na yarda da ko ɗaya ba. Rannan yana cikin haka sai ya juyo gare ni.

"To kai mai ido biyu, me ke ƙetare yanzu?"

Na duba. Kore-kore ne da fari-fari. Na ce ciyawa.

"Ciyawa ai ni ma na san da ita."

Yaya yana zaune a gefe yana ɗaura ƙugiyoyi. Ya sunkuyo ya raɗa mini a kunne, shanu bakwai da ɗan Fulani mai malafa. Na faɗa da ƙarfi. Tsoho ya yi dariya har da tari, ya lalubo kaina ya shafa, ya ce jini ba ya ƙarya, wannan nawa ne. Nan ne laifina, kuma ba zan ɓoye shi ba don ina jin haushin wani. Yabon ya yi mini daɗi. Tun daga ranar kullum sai ya tambaya, kullum Yaya ya raɗa, ni in faɗa.

A hanyar gida, bayan mun ajiye tsoho a zaure, na tambayi Yaya yadda aka yi ya sani. Ya ce ga su can kowa yana gani. Na ce har malafar? Ya tsaya ya dube ni. Sai ya ja da baya, ya yi ta ja, ya ɗaga hannu ya ce yatsa nawa. Na ce ni hannun ma ban gani ba. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Can sai dariyar ta yanke, ya taso ya dafa kafaɗata.

"Kada ka gaya wa kowa. Makaho za su riƙa ce maka, ko mata ba mai ba ka. Ni ne idonka."

Ya girme ni da shekara ɗaya da wani abu, amma rana ɗaya aka sa mu a makaranta, benci ɗaya muke zama. Sai muka raba aiki. Shi yana raɗa mini abin da ke kan allo, ni in yi lissafin, in tura masa ya kwafa. A hanya yakan taɓa gwiwar hannuna ya ce ga liman can tafe, durƙusa, sai in durƙusa tun kafin in ga ko inuwarsa. Shekara biyu muna haka. Ba zan yi masa ƙarya ba, a shekarun nan babu wanda nake ƙauna kamarsa. Ana cewa ɗan'uwa rabin jiki, ni nawa har na san wane ɓangaren ne.

Muna aji shida Baba ya faɗi maganar, muna cin tuwo. Ya ce bayansa ya fara gazawa, fadama tana son hannu. Ɗaya zai ci gaba da boko, ɗaya ya zauna, kuma wanda malam ya ce ya fi kai shi zai tafi. Kowa a gidan ya san wanda malam zai ambata. Na ci gaba da cin tuwona. Ban ga fuskar Yaya ba, yana can ɗaya gefen akushi, amma na ji ya daina tauna.

Wanda bai yi noman fadama ba bai san jan-baki ba. Tsuntsu ne ɗan mitsitsi, bai cika tafin hannu ba, amma ba ya zuwa shi kaɗai. Yana jiran lokacin da shinkafa ta fitar da kai, ƙwayar tana da ruwa-ruwa kamar nono, sai ya zo da dangi kamar hadari. In suka sauka a gona suka samu sa'a guda babu mai kora, sai dai ka yanka kara ka ba shanu. Saboda haka kowace gona tana da doguwar rumfa a kan itace huɗu, mai tsaro ya hau sama. Daga rumfar an ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Ga majajjawa, ga curin laka da aka shanya. Dabarar duka ita ce ka gan su tun suna sama, ka ja igiyar ɓangaren da suka nufa kafin su sauka, domin in sun ɗanɗana ba sa jin gwangwani. Da safe Baba yake tsaro, in mun taso daga makaranta mu karɓe shi. Yaya ya duba ya ce gabas, ni in ja igiyar gabas. Har ina ce masa shi ne na saman itacen jirgi.

Ranar kasuwa ce, kuma babu makaranta. Baba ya tafi kai kifin Inna, ya bar mu yini guda. Da azahar abokan Yaya suka zo suka ce wani tafki ya janye, tarwaɗa har da hannu ake kamawa. Ya ce mini zai je ya dawo kafin la'asar, tsuntsu ba ya tashi da tsakar rana. Na ce Yaya ka san fa. Ya ce na sani, yanzu zan dawo.

Littafin yana cikin rigata, kullum yana nan. Na karanta shafi biyu, gaskiya ne. Da na ji rana ta fara sanyi na rufe shi na zauna a kansa don kada ma ya ruɗe ni. Sannan na miƙe tsaye. Na ƙanƙance ido har hawaye yana zuba. Na yi ta jan igiyoyi bi da bi, gabas, yamma, kudu, arewa, ba don na ga komai ba, har hannuwana suka mutu na ɗan dakata. Iska tana busowa daga bayana, tana tafiya da duk wani sauti can gaba. A ƙarshen gonar, wajen ruwa, na ga wani abu baƙi-baƙi yana tashi yana kwantawa. Na ce hayaƙi ne, masunta suna ƙona ciyawa. Na tsaya ina kallonsa. Wallahi kallonsa na tsaya yi, har ina mamakin yadda ban ji ƙauri ba.

Ihun maƙwabcin gonarmu ne ya farkar da ni, yana gudu cikin laka yana zagina. Kafin a kore su sun gama da fiye da rabin gonar. Na sauko na shiga ciki na kama kan shinkafa ɗaya na kawo kusa da ido. Fanko, an tsotse shi tas, farin ruwan yana bushewa a jikin ƙaiƙayi.

Yaya ya riga Baba isowa da kaɗan. Babu kifi a hannunsa, ban san inda ya zubar ba. Da Baba ya zo ya zaga gonar tukuna, ya hau rumfa, ya sauko da littafin a hannu. Ya tambayi Yaya, domin shi ne babba. Yaya ya ce cikinsa ne ya murɗa ya je kewayawa, ya dawo ya same ni kaina a cikin littafi. Baba ya juyo gare ni.

Na ce, "Baba, ban gan su ba."

"Da ido biyu a kanka?"

"Ban gan su ba."

Sai ya ɗaga hannu a gaban fuskata, kusa da hancina. Ya ce nawa. Na ce uku. Ya canza. Na ce biyar. Ya ce to ashe kana gani. Biyar ɗin ce ta sauka a kuncina.

Za ka ce me ya hana ni faɗin inda Yaya ya je. A gidanmu ƙane ba ya ƙaryata wansa a gaban uba. Kuma na yi zaton tsoro ne ya kama shi, in hankali ya kwanta zai gyara maganar. Na ba shi kwana ɗaya, na ba shi mako, na ba shi wata.

Da muka koma gida Inna ce kaɗai ta ɗan yi shakka. Ta ce yaron nan fa yana yawan ƙanƙance ido. Baba ya ce a tambayi tsoho, tunda kullum suna tare. Aka tambayi kakanmu. Ya so ya cece ni, na san ya so. Amma shi ba ya ƙarya, ya ce abin da ya sani, yaron da yake ƙirga masa shanu a ƙetaren kogi har da malafar makiyayi ba za a ce ba ya gani ba. Ka ji yadda bakina ya ba da shaida a kaina. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa lokacin, yana jin komai. Baba ya jefa littafin a cikin wutar banda. Ya ce wanda takarda ta hana shi tsaron abincin gidansu ba ya bukatar ƙarin takarda. Washegari Yaya ya tafi makaranta shi kaɗai.

A shekarar mun ci dusa. Kakanmu bai kai wata damina ba. Na ci gaba da ja masa sanda zuwa gindin tsamiya har ƙarshe, amma bai sake tambayata me ke ƙetare ba, bai kuma sake kirana mai ƙwacen mata ba. Wannan ya fi marin Baba zafi.

Da Yaya ya tafi makarantar kwana, ya tafi da idona. Sai gari ya ba ni sabon suna, mai girman kai. Dattijo zai taho in wuce shi ban gaishe shi ba. Aboki zai ɗaga mini hannu daga tsallaken titi in yi kamar ban san shi ba. Na nemi wata yarinya, aka ce na wuce kawunta a kasuwa ko kallo bai ishe ni ba, maganar ta mutu. Na hau babur sau ɗaya na ƙare a cikin kwalbati. Zuwa lokacin na gane idona ba irin na mutane ba ne, ni ba wawa ba ne. Na sa kwalli, na wanke da rubutu, na ɗiga ruwan ganye iri-iri. Na je wurin masu baza tabarau a tabarma a kasuwa, na gwada ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya ƙara dagula mini duniya. Ban san na karatun tsofaffi ne suke sayarwa ba, nawa ciwon kuma akasin nasu ne. Na ce to tabarau ba ya yi mini, haka Allah ya yi ni. Na koma ga abin da ake yi dab da hanci, na koyi kwance inji da ɗaurawa. Shi ya ciyar da ni har yau, alhamdu lillahi.

Na taɓa gwada yi wa Baba bayani da na girma. Ya ce wanda ya wuce ya wuce, kada in nemi wa kaina uzuri da gemu a haɓata. A haka ya rasu. Inna kuwa ta mai da abin ma'aunin shekaru. In za ta tuna haihuwar wani sai ta ce shekara biyu bayan da wannan ya ciyar da jan-baki. Ba da mugunta take faɗa ba, har dariya take yi. Jikokinta duk sun haddace. 'Ya'yan Yaya in sun zo hutu daga Dutse sai su ce Baffa, ba mu labarin tsuntsaye.

Na haura hamsin lokacin da aka aiko daga makarantar 'yata cewa a kai ta a duba idonta. Na kai ta asibiti. Likitar ta ga yadda nake kawo katin kusa da fuska, ta ce malam kai ma zauna. Ta ɗora mini wani ƙarfe a hanci tana zura madubai tana cirewa. Ta zura wani, sai bangon ɗakin ya taso ya zo. Akwai agogo a jiki, akwai tsaga a siminti, akwai ƙadangare a bakin taga yana gyaɗa kai. Na ce mata ta dakata. Ta ce tun yaushe kake haka, na ce tun da aka haife ni. Ta ce ai wannan da tun kana yaro aka kawo ka, aikin yini ɗaya ne.

Ranar da na karɓi tabarau ban koma shago ba, bakin kogi na nufa. Tsamiyar babu ita, an sare. Fadamar da na sani da ƙafa da hanci, yanzu da na samu idon ganinta, ciyawar nan da ake kira kacalla ta cinye rabinta, hanyoyin kwalekwalen kakanmu duk sun toshe, sai ƙarar injuna ta ko'ina. Amma ƙetare yana nan. Na ga mutum yana wanke babur, na ga kalar hularsa. Na ga balbela ta tashi, na bi ta da ido har ta zama ɗigo. Sai na tuna mutumin saman itacen jirgi. Ashe mai littafin bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ashe hange abu ne da ake yi kullum, kyauta, yara ma suna yi. Na zauna a kan yashi, ni da furfurata, na yi abin da ban yi ba ranar da aka mare ni.

Har zuwa nan ban riƙe Yaya da abu mai nauyi ba. Na ce yaro ne ya ji tsoron duka ya yi ƙarya, ƙaryar ta fi ƙarfinsa. Sai bara, a wurin wani ɗaurin aure a Auyo, wani tsoho ya kama hannuna ya ƙi saki. Malamin ajinmu ne na aji shida, ya rankwafa, haƙora sun zube, amma kansa garau. Ya dubi tabarau ɗina ya ce, to madalla, ashe dai an saya maka. Na ce ai bai daɗe ba. Ya ce kamar yaya bai daɗe ba? Ya ce shi ya lura ba na kallon allo, kunne nake miƙa wa ɗan'uwana. Ya rubuta takarda zuwa ga Baba cewa a kai ni asibiti a auna idona, yaron yana da kai, kada a yi asararsa. Ya ba wana, don shi ne babba. Da ya ga na daina zuwa ya tambayi wan nawa, shi kuma ya ce Baba ya karanta ya ce ya ji. A ƙarshen zangon aka yi wa malamin canjin makaranta.

Na tambaye shi ko ya tuna lokacin da ya ba da takardar. Ya ce shinkafa ba ta fitar da kai ba tukuna, don ya tuna ta gefen gonaki yake bi da keke.

Wato tun kafin tsuntsaye. Tun kafin marin. Takardar tana wurinsa, ko ya riga ya yaga ta, a ranar da ya sauka daga rumfa ya bar ni ni kaɗai da igiyoyi. Ban ce ya kira jan-baki ba, ba shi da wannan ikon. Amma ya san abin da ya bari a saman rumfar nan.

Ban je Dutse na same shi ba. Na haɗiye, na ci gaba da kwance injina. Shi ya kawo kansa. Bana ya samu kujerar Makka, ya zo sallama kamar yadda maniyyata suke yi, gida-gida ana neman gafara. Ya yi ritaya, ya yi tumbi, ga mota, ga tabarau na karatu a rataye a wuya. Ya shiga ya gaida Inna, wadda take zaune a wurina tun rasuwar Baba, ya fito ya same ni a zaure ina wanke hannu da kananzir. Ya zauna a kan buhu, ya tattare babbar rigarsa.

"To ƙanena, tafiya ta zo. Rai a hannun Allah yake. Duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

Ka san amsar da ake bayarwa, ba ka yi mini komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Har ya fara miƙo hannu. Na ce masa na haɗu da malaminmu a Auyo.

Hannun ya tsaya a iska, ya koma kan gwiwa. Bai tambaye ni wane malami ba.

"Yara ne mu a lokacin."

"Da aka binne Baba shekararka nawa?"

"Da na kai takardar nan ni za a bari a fadama. Ka san ban iya komai ba sai da kai. Tsoro na ji. Daga baya kuma kullum in na ce zan faɗa sai in ga ta yi nisa." Ya share fuska da hannun riga. "Ban taɓa juya wa gidanka baya ba, kai ma shaida ne. Kuma Inna ta tsufa. Me za a ƙara mata da tonon tsohon rami?"

Na goge hannuna da tsumma. Na gyara zama yadda zan fuskance shi sosai, ban ɗaga murya ba don kada a ji a cikin gida.

Na ce, "Yaya, wanda ba ka sani ba na yafe maka duniya da lahira. Wanda ka sani kuwa, ba ni za ka fara roƙo ba. Baba ya tafi, tsoho ya tafi, babu yadda za a yi da su. Inna tana ciki, kunnenta ƙalau. Ka koma ka faɗa mata da bakinka wanda ya sauka daga rumfar nan, da inda takardar malam ta kwana. In ka fito za ka same ni a nan, sai mu yi maganar yafiya. In kuwa ba za ka iya ba, Allah ya kiyaye hanya. Ka tafi da kayanka, ba ni zan sauke maka ba."